NAZARI: Gani ya kori ji, amma bidiyon Gwaram da Birnin Kudu na isowa cikin hazo

A daminar bara wani matashi ya turo mini bidiyo daga wani ƙauye na ƙaramar hukumar Gwaram. Tsawonsa bai kai minti ɗaya ba. Ginin ƙaramin asibiti ne da aka yi watsi da shi a matakin linta, ciyawa ta cinye harabarsa, awaki na kwance a inuwar bango. Can wajen tsakiya mai ɗaukar ya tsaya gaban allon kwangila, ya karanto wani abu da iska ta haɗiye, ya wuce. Ga ɗan jarida, wannan allon shi ne labarin gaba ɗaya, domin a jikinsa ne sunan ɗan kwangila da hukumar da ta bayar da aikin da shekarar kasafin suke. Na tsayar da bidiyon, na zuƙo allon iya zuƙowa. Ban ga komai ba sai dabbare-dabbaren kore da fari.

Da na kira shi sai ya rantse mini cewa a wayarsa rubutun ya fito tar, don a HD ya ɗauka. Ya yi ta ƙoƙarin tura shi yadda yake, ya ƙi tafiya. Da ya gaji sai ya ɗora a Facebook, wani abokinsa ya sauke ya saka a WhatsApp, daga nan ya dawo hannunsa ya turo mini. Na ce to ina na asalin? Ya ce ya goge, wayar ta cika.

Wannan ƙaramin al'amari shi ne abin da ke jiran dubban matasa a kudancin Jigawa a zaɓen 2027. Kusan kowace ƙungiyar matasa da ka zauna da ita shirinta ɗaya ne: za mu tsare akwati da waya, za mu ɗauki komai, za mu watsa wa duniya. Niyyar mai kyau ce. Sai dai akwai lissafin da ba a cika yi ba, wato nauyin abin da ake shirin ɗauka, da ƙarfin hanyar da za a bi da shi.

Abin da ke cikin HD

Hoton da ke fuskar waya tarin ƙananan ɗigo ne da ake kira fiksel. Bidiyon da aka yi wa lamba 480p yana da ɗigo kusan 410,000 a kowane hoto. Na 720p, inda HD ke farawa, yana da 921,600. Na 1080p yana da 2,073,600, shi kuwa 4K yana da 8,294,400. Wato daga 480p zuwa 1080p ɗigon ya ninka sau biyar, daga 1080p zuwa 4K ya sake ninkawa sau huɗu. Bidiyo kuma ba hoto ɗaya ba ne, yawanci hotuna 30 ne ke wucewa a kowace daƙiƙa. Da za a adana bidiyon 1080p ɗanye, ba tare da an taɓa shi ba, minti ɗaya zai cinye kusan gigabait 11. Babu wayar da za ta jure wannan, babu layin da zai ɗauka.

Saboda haka kowace waya matse bidiyo take yi tun a lokacin ɗauka. Dabarar ita ce, maimakon ta adana kowane hoto cikakke, sai ta adana ɗaya, sannan ta riƙa rubuta abin da ya canja kawai a waɗanda ke biye. Idan malami na zaune yana karatu, bayansa bango, abin da ke motsi kaɗan ne, matsewar sai ta yi kyau. Tsarin da aka fi amfani da shi, H.264, tun 2003 yake. Wanda ya biyo shi a 2013, H.265, yana iya rage nauyin da kusan rabi a kan inganci ɗaya, amma yana buƙatar ƙwaƙwalwar waya ta yi aiki mai yawa. Duk da matsewar, minti ɗaya na 1080p da aka ɗauka da tsohon tsarin yakan kai wajen megabait 130.

A nan ne siyasa ke shigowa ta bayan gida. Lokutan da suka fi muhimmanci a ɗauka su ne waɗanda matsewa ta fi ƙi: cincirindon jama'a, ƙura, hannun da ke rawa saboda ana turereniya, da duhu. A wajen tattara sakamako da daddare, ƙarƙashin fitilar waya ko ta janareta, kusan kowane ɗigo canjawa yake yi daga hoto zuwa hoto. Idan manhaja ta ƙayyade nauyin da za ta bari ya wuce, ba ta da zaɓi sai ta zubar da ƙananan bayanai. Ƙananan bayanan nan kuwa su ne alƙaluman da ke kan takarda, da lambar mota, da fuskar wanda ya miƙa ambulan.

Hanyar fita ta fi ta shiga ƙunci

Ana auna ƙarfin intanet da megabit a daƙiƙa, kuma megabit takwas ne ke yin megabait ɗaya. YouTube na ba da shawarar a samu megabit 1.1 domin kallon 480p ba tare da tsayawa ba, 2.5 domin 720p, 5 domin 1080p, da 20 domin 4K. Wannan na kallo ne, wato saukewa. Wanda ke tsaye a rumfar zaɓe kuwa ba kallo ya je yi ba, ɗorawa ya je yi, kuma an tsara hanyoyin sadarwar waya ne ta yadda saukewa ke samun kaso mafi girma. An gina su ne da tunanin cewa mutane masu karɓa ne, ba masu aikawa ba.

Mu yi lissafin wancan minti ɗaya mai megabait 130. Idan layi na ɗorawa da gudun megabit ɗaya a daƙiƙa, zai ɗauki minti 17 kafin ya fita. Idan sabis ya faɗo zuwa 2G, inda alamar E ke bayyana a saman waya, kuma aka yi sa'a ya riƙe kilobit 200 a daƙiƙa, ana maganar kusan awa ɗaya da rabi, bisa sharaɗin layin bai yanke ba ko sau ɗaya. Duk wanda ya taɓa barin kwalta ya nausa ƙauyukan Gwaram da ke iyaka da jihar Bauchi ya san darajar wannan sharaɗi.

Akwai kuma abin da tallan kamfanoni ba ya faɗa. Ƙarfen sabis rijiya ce ta gari: ruwan da ke cikinta rabawa ake yi tsakanin duk wanda ya zura guga a lokaci guda. Abin da ya sa ke nan wayar da ke gudu da asuba a cikin garin Birnin Kudu take rarrafe ranar kasuwa ko ranar gangami. Ranar zaɓe, a daidai lokacin da aka gama ƙirga, kowa ke son aikawa: wakilan jam'iyyu, masu sa ido, 'yan jarida, jami'in zaɓe da na'urarsa, da ɗaruruwan matasa masu watsa kai-tsaye. Ban ce bidiyon matasa ne ke hana sakamako tafiya ba. Abin da nake cewa shi ne, rijiyar ɗaya ce, kuma guga mafi girma shi ne na bidiyo.

Ƙananan hukumomin nan biyu ba ƙananan wurare ba ne. A ƙidayar 2006 Birnin Kudu na da mutum sama da 300,000, Gwaram sama da 270,000, kuma mafi yawansu ba a hedikwata suke zaune ba. Suna Wurno da Kantoga da Sundimina, suna Sara da Basirka da Kila da Fagam da Farin Dutse, da rugage da unguwannin da ke kewaye da su. Yankin da ya fitar da tsohon gwamna Sule Lamido daga Bamaina, kuma ya ga zaɓen cike gurbi na majalisar wakilai a Gwaram a watan Yunin 2021, ba ya buƙatar a koya masa zafin siyasa. Abin da yake buƙata shi ne hanyar da shaidarsa za ta fita ba tare da ta lalace ba.

Muhawarar da aka yi a kan hoto ɗaya

Idan aka tuna, a watan Yulin 2021, lokacin da ake taƙaddama kan dokar zaɓe, jami'an hukumar sadarwa ta NCC sun shaida wa majalisar wakilai cewa kusan rabin rumfunan zaɓe ne kawai ke da sabis na 3G, bisa wani bincike na 2018. INEC ta dage cewa tana da halin aika sakamako ta intanet, kuma tun a watan Agustan 2020 ta riga ta buɗe shafin IReV. Ranar 25 ga Fabrairun 2023 sakamakon zaɓen shugaban ƙasa ya ƙi hawa shafin a kan lokaci, hukumar ta ce tangarɗar na'ura ce daga ɓangarenta. Ranar 26 ga Oktoban shekarar Kotun Ƙoli ta yanke cewa rashin ɗora sakamako a IReV bai isa ya soke zaɓe ba.

Duk wannan dambarwa a kan me aka yi ta? A kan hoton takarda guda, fom EC8A, wanda nauyinsa bai wuce 'yan megabait ba. Ƙasar da har yanzu ke gardama kan ko hanyoyin sadarwarta za su iya ɗaukar hoton takarda ɗaya daga kowace rumfa cikin rumfuna sama da 176,000, ita ce matasanta ke shirin aika bidiyon da ya ninka wannan nauyi sau hamsin ko ɗari daga rumfunan.

Alƙaluman NCC na 2025 sun nuna kusan rabin layukan ƙasar ne ke kan 4G, kusan huɗu cikin goma har yanzu suna kan 2G, 5G kuwa bai kai kashi 5 cikin 100 ba, duk da cewa tun Disamban 2021 aka yi gwanjon lasisinsa. Tsarin faɗaɗa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya yi alƙawarin megabit 25 a birane da megabit 10 a karkara. Mai karatu da ke Kiyako ko Dingaya na iya gwada gudun layinsa yau ya gani da idonsa inda alƙawarin ya kwana.

Kuɗin data, zafin waya

A watan Janairun 2025 NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara farashi da kashi 50 cikin 100. Domin sauƙin lissafi, mu ƙaddara gigabait ɗaya a kan N500. Muhawarar 'yan takara ta awa biyu, idan aka kalla a 480p, za ta ci kusan gigabait ɗaya, wato N500. A 1080p gigabait huɗu da rabi ne, N2,250. A 4K gigabait 18, N9,000. Maganganun da aka faɗa ɗaya ne, alƙawuran ɗaya ne, ƙaryar ma idan akwai ɗaya ce. A jihar da rahoton hukumar ƙididdiga na 2022 ya sanya sama da kashi 80 cikin 100 na jama'arta cikin talauci mai fuskoki da yawa, wannan bambanci shi ke raba wanda zai kalli muhawara har ƙarshe da wanda zai tsaya a guntun daƙiƙa 30 da wani ya yanko masa, da irin fassarar da mai yankowar ya ga dama.

Abin takaicin shi ne, yawancin wannan kuɗi asara ce tsagwaronta. Wayoyi masu sauƙin kuɗi da suka cika hannun matasa, irin ƙananan Itel da Tecno da Infinix, mafi yawansu fuskarsu a matakin 720p take. Idan irin wannan waya ta sauke 1080p, sai ta biya kuɗin ɗigo miliyan biyu, ta wahala wajen warware su, sannan ta zubar da fiye da rabi domin ba ta da inda za ta nuna su.

Wahalar warwarewar nan ita ce ɓangaren da ba a gani. Kowace daƙiƙa ta 1080p tana nufin ƙwaƙwalwar waya ta sarrafa ɗigo sama da miliyan 62. A 4K sun kusa miliyan 250. Manyan wayoyi na da sashe na musamman da aka ƙera domin wannan aiki. Idan waya ba ta da sashen da ya dace da sabon tsarin matsewa, irin AV1 da ya fito a 2018, sai babbar ƙwaƙwalwar ta ɗauki aikin da ƙarfin tsiya: bidiyo ya riƙa sarƙewa, batir ya zube, bayan wayar ya ɗau zafi. Watsa kai-tsaye ya fi kowane nauyi, domin a lokaci guda kyamara na ɗauka, ƙwaƙwalwa na matsewa, fuska na haske, waya kuma na ƙara ƙarfin neman sabis idan ƙarfen na nesa. Idan zafi ya yi yawa, wayar da kanta take rage gudu don kada ta lalace. Zaɓen gwamna na 2023 an yi shi ne ranar 18 ga Maris, lokacin da zafin rana a Jigawa ke doshin maki 40. Wakilin da ya fara watsa layin masu zaɓe tun ƙarfe tara na safe a HD, da wuya wayarsa ta ga ƙirga da yamma. Shagon mai caji kuwa yana cikin gari, kuma an hana zirga-zirga.

Abin da kotu da mai musu ke nema

Ana iya cewa to a rage inganci mana, a huta. Nan ma akwai tarko. Bidiyo mai hazo kyauta ce ga wanda ake zargi. A da yakan ce ba shi ba ne, yanzu ya samu ƙarin mafaka, sai ya ce haɗin ƙirƙirarriyar basira ne. Masu bibiyar siyasar Arewa ba su manta da bidiyoyin da jaridar Daily Nigerian ta wallafa a Oktoban 2018 game da gwamnan Kano na lokacin, Abdullahi Ganduje, ba. Ya musanta, ya ce haɗa su aka yi, muhawara kuma ta koma kan sahihancin bidiyon kansa. A Legas, abin da duniya ta fara gani daga Lekki a daren 20 ga Oktoban 2020 watsa kai-tsaye ne a Instagram, cikin duhu, hoto na rawa, kuma wannan ya ba masu musu filin rawa na tsawon lokaci. Waɗanda suka bi diddigi daga baya sun dogara ne da bidiyoyi masu ɗauke da bayanan lokaci da wurin ɗauka. A ɗaya ɓangaren, lokacin da kwamishinan zaɓe na Adamawa, Hudu Yunusa Ari, ya ayyana wadda ta ci zaɓen gwamna a Afrilun 2023 kafin a kammala tattara sakamako, da rana ne, a gaban kyamarori, babu wanda ya tsaya gardamar wane ne ke magana. INEC ta soke sanarwar a ranar.

Waɗannan bayanai na lokaci da wuri da irin wayar suna ɓoye ne a cikin fayil na asali, kuma manhajojin sada zumunta kan goge su yayin da suke sake matse bidiyo. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya gindaya sharuɗɗa kafin kotu ta karɓi abin da ya fito daga na'ura, ciki har da takardar shaida da ke bayyana na'urar da yadda aka samar da abin. Lauyan da ke riƙe da bidiyon da ya ratsa hannu biyar, ba a san wayar da ta ɗauka ba, ya shiga kotu da ƙafar hagu. Wanda ya dogara da Facebook a matsayin rumbu ma ya sani cewa tun Fabrairun 2025 kamfanin ya sanar da cewa bidiyon kai-tsaye kwana 30 kawai zai riƙa yi kafin a goge shi. Shari'ar zaɓe kuwa watanni take ɗauka.

A ganina mafita ba ta cikin zaɓar HD ko barinsa. Aiki biyu ne daban, aka haɗa su wuri ɗaya: sanar da jama'a yanzu, da adana shaida don gobe. Na farko yana son sauƙi, na biyu yana son nauyi. Mai sa ido ya ɗauka da inganci, 1080p ya wadatar, 4K almubazzaranci ne a wannan yanayi. Ya aika ƙaramin kwafi nan take, ya bar na asali a waya ko a katin memori ba tare da ya yanke ko ya yi masa rubutu ba, har ya isa inda sabis ke da ƙarfi. A WhatsApp, idan aka tura bidiyo a matsayin fayil maimakon ta hanyar da aka saba, yana tafiya yadda yake ba tare da an matse shi ba, kuma tun 2022 manhajar ke karɓar fayil har gigabait biyu. Ko ba sabis, ana iya tura shi daga waya zuwa waya ta Xender, kamar yadda ake raba finafinai a shagunan turi.

Game da takardar sakamako kuwa, bidiyo ba shi ne makamin ba. Hoto ɗaya daga kyamara mai ɗigo miliyan 12 ya ninka hoton cikin bidiyon 1080p kusan sau shida, ya ninka na 480p kusan sau 30, alhali nauyinsa megabait biyu zuwa huɗu ne. Ko a kan 2G zai fita cikin 'yan mintoci. Doka ta ce a ba wakilan jam'iyyu kwafin sakamako, ƙa'idar INEC kuma ta ce a liƙa shi a rumfa. Abin da ake buƙata shi ne a tsaya cak, a samu haske, a tabbatar lambar rumfa da sa hannu da hatimi sun shiga. A tuna kuma cewa an hana shiga wurin dangwala ƙuri'a da waya. Da matashin nan na Gwaram ya ɗauki hoton allon kwangila sau ɗaya tak, da ban yi asarar mako guda ina neman wanda zai koma ƙauyen a babur ba.

Sauran nauyin na masu mulki ne, kuma tambayoyin da za a yi musu ba masu wuya ba ne. Gwamnatin tarayya ta sanar da shirin shimfiɗa wayar intanet ta ƙarƙashin ƙasa mai tsawon kilomita 90,000. Kilomita nawa ne za su biyo ta Babaldu su shiga Gwaram, kuma yaushe? Ƙarfen sabis da ba a haɗa shi da irin wannan waya ba, ko an rubuta masa 4G, abin da zai iya ɗauka yana da iyaka. Tun 2020 gwamnoni suka amince da N145 a kan kowace mita a matsayin kuɗin izinin haƙa hanyar wayar. Nawa ake karɓa a zahiri, kuma kwana nawa izinin ke ɗauka? Ɗan majalisar da ke raba wayoyi da babura ga "sojojin baka" na intanet, ya taɓa neman NCC ta ba shi taswirar mazaɓun da ba su da 3G a yankinsa? INEC da kamfanonin sadarwa na iya gwada gudun ɗorawa a kowace rumfa ta Birnin Kudu da Gwaram, su wallafa sakamakon mazaɓa-mazaɓa tun kafin ranar zaɓe, domin jam'iyyu da masu sa ido su san inda za su tura mutum da katin memori da batirin ko-ta-kwana.

Asibitin nan dai daga baya na samu hoton allonsa. Wani malamin firamare ne ya ɗauka da tsohuwar waya, ya hau tudun bayan gari ya turo. Nauyinsa bai kai megabait biyu ba, kuma har lambar kwangilar ta fito.